Digirin digirgir a gini da DNA: inda aikin gaske yake jira

Yawancinmu mun san DNA a matsayin ma'ajiyar gado, abin da ke sa ɗa ya ɗauko hancin mahaifinsa. Amma fiye da shekara 40 ke nan wasu masana sinadarai ke kallonsa da wani ido dabam. A wurinsu kayan gini ne, kamar katako ko ƙarfe. Kaurin igiyarsa nanomita 2 ne kacal, alhali nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Haruffansa huɗu kuma ba sa saɓa alkawari: A na kama T, G na kama C. Wanda ya tsara jerin haruffan da kyau, tun kafin ya zuba komai a kwalba ya san wace igiya za ta manne da wace.

Nadrian Seeman, wanda daga baya ya koma Jami'ar New York, shi ne ya fara shimfiɗa wannan tunani a rubuce a 1982, a lokacin da ba kowa ya ɗauke shi da muhimmanci ba. A 1996 Chad Mirkin da Paul Alivisatos, kowa a ɗakin gwajinsa, suka nuna cewa ana iya ɗaure ƙananan ƙwayoyin zinare da DNA a jera su. A gwajin Mirkin ruwan da yake ja yakan juye ya koma shuɗi-shuɗi da zarar igiyoyin sun kama juna, ido ma yana gani. Sai 2006, Paul Rothemund na jami'ar Caltech a Amurka ya ɗauki doguwar igiya mai haruffa sama da 7,000 daga wata ƙwayar cuta da ake kira M13, ya naɗe ta da gajerun igiyoyi kusan 200, ya fitar da taurari da fuskoki masu murmushi, kowannensu faɗinsa kimanin nanomita 100.

Waɗannan hotuna su ke jan ɗalibai, kuma ba laifi ba ne. Sai dai ra'ayina shi ne, duk wanda ke neman gurbin digirin digirgir a wannan fanni yau, kada ya bi kyan hoto. An daɗe da tabbatar da cewa ana iya gina siffofi. Abin da ya rage shi ne siffar ta rayu a wajen kwalba, ta yi wani amfani.

A duba yadda ake haɗa ta. Ana zuba igiyoyin cikin ruwa mai gishirin magnesiyom, a ɗumama har kusa da tafasa, sannan a bar shi ya huce a hankali, wani lokaci sa'o'i biyu, wani lokaci kwana da kwanaki. Magnesiyom ɗin ne ke hana igiyoyin ture juna, domin dukkansu caji iri ɗaya suke ɗauke da shi. To jinin ɗan Adam ba shi da magnesiyom mai yawa haka, ga kuma sinadaran da aikinsu ke nan su daddatse DNA. Ginin da ɗalibi ya yi wata uku yana tsarawa zai iya warwarewa cikin ƴan sa'o'i. Nan ne mai ilimin sinadarai ya fi kowa amfani: ya lulluɓe ginin da silika, sinadarin da ke cikin yashi, ko wata riga ta roba, ko ya ƙulle igiyoyin da ɗauri mai ƙarfi. Mutane da yawa kan ja da baya saboda ba su karanta ilimin halittu ba, alhali hannunsu ake nema.

Akwai kuma tsada. Yawancin gwaje-gwajen ana yin su ne da ɗigon da bai kai hawaye ba. A 2017 ayarin Hendrik Dietz a birnin Munik na Jamus ya nuna yadda za a sa bakteriya su samar da igiyoyin da yawa, amma tazarar da ke tsakanin haka da masana'anta tana nan. Ajiye bayanai cikin DNA, wanda George Church na Harvard ya gwada da littafi guda a 2012, shi ma tsadar rubutawa ce ta riƙe masa ƙafa.

Game da neman gurbin, tsarin ya bambanta. A Ingila shekara uku zuwa huɗu ne, kuma sau da yawa ana tallata aikin da takensa a shirye. A Amurka yakan kai biyar ko shida, da darussa a farko. A Jamus galibi ana ɗaukar ɗalibin kamar ma'aikaci mai albashi, haka ma a shirin Marie Curie na Tarayyar Turai. Ban ga hikimar mutum ya biya daga aljihunsa ba a fannin da gwaji ɗaya ke lashe kuɗi haka. Gurbi marar tallafi, a bar shi.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne malamin da zai duba aikin, fiye da sunan jami'ar. Kafin ka amsa tayi, rubuta wa ɗaliban da suka gama a hannunsa. Tambaye su sau nawa yake zama da su a wata, kuma me yake yi idan gwaji ya ƙi har wata shida, domin zai ƙi. Tambayi ko za a bar ka ka riƙe na'urar da ke shafa samfuri da tsinin allura don fito da hotonsa, ko wani ne zai riƙa yi maka. Sannan ka karanta takardu uku na ƙarshe da ɗakin gwajin ya fitar, ka lura ko an gwada ginin a cikin jini ko iska ko zafi, ko kuwa har yanzu yana kwance cikin ruwan gishirin da aka haife shi.