Azumi a Saudiyya, ku bar ni in faɗi nawa

Jiya a wajen Tafsir a nan Aboabo wata 'yar uwa ta ce min "Hajiya ke kam kin more, azumi huɗu a Jidda, mu muna nan Kumasi muna fama da zafi da ɗauke wuta." Dariya kawai na yi mata, amma maganar ta kwana tana cina.

Gaskiya akwai daɗi, ba zan yi butulci ba. Dokar ƙasar ta rage wa Musulmi aiki zuwa awa 6 a rana cikin watan, maigida kan dawo da wuri, kuma Makka tana kusa da mu kamar kilomita 80, mu sha ruwa mu hau mota mu je Umra mu dawo kafin sahur. Ranar da na fara yin asham a Harami kuka na yi kamar yarinya. Wannan kam ba kuɗin da zai saye shi.

To amma wa ya gaya muku yadda gida yake? Bene muke hawa na uku, ƙofa a rufe, AC na ta gurnani, maƙwabciyata shekara biyu ban san sunanta ba sai sallama a lif. Garin gaba ɗaya juyewa yake, rana ta koma dare, shaguna a kulle har bayan la'asar, sannan ƙarfe ɗaya na dare kasuwa ta cika maƙil kamar kasuwar Kejetia ta Kumasi ranar jajibiri, yara su ƙi barci, da safe ki yi ta jan su kamar buhu. Sambusa da shorba da Vimto sun ishe ni, wallahi akwai ranar da na zauna a kicin ina kwaɗayin koko da ƙosai da lamurji mai sanyi har hawaye suka zo min, babba da ni.

Abin da ya fi ci min rai shi ne kwano. A Zango ƙarfe biyar ta yi za ki ga yara suna giftawa da kwanuka a rufe, na gidan Mma ya shigo naki ya fita, wani lokaci ma masar da kika aika ta zagayo ta dawo miki ta wani gida. A can abinci ya fi ƙarfin ci, ana shimfiɗa leda a masallaci kowa ya zauna, amma maza ne ke fita, ni da yara muna sama mu huɗu da faranti. Kuma Saudiyya tana gaban Ghana da awa 3, sai in sha ruwa in kira Mma a WhatsApp in tarar ko wake ba ta gama markaɗawa ba, tana cewa "'yar nan kashe wayar kar ki karya min azumi da wannan dabinon."

Sannan ga kuɗi. Tun 2017 aka sa harajin iyali a kan baƙi, ya fara daga riyal 100 a wata kan kowane mutum, zuwa 2020 ya kai 400. Ni da yara uku, 1,600 ke nan duk wata kafin haya da makaranta da sabunta iƙama, wato takardar izinin zama. Shi ya dawo da mu gida, ba wani abu ba, masu cewa faɗa muka yi da maigida Allah ya shirye ku.

Mu ma da sauƙi. 'Yan matanmu da ke aikatau a gidajen Larabawa fa, su watan nan ne aikinsu ke ninkuwa, girki daga la'asar, wanke-wanke har asuba, ga azumi a baki. Wata 'yar Asawase da muka haɗu a Harami tsakanin raka'o'i take gyangyaɗi.

Bana maigida shi kaɗai zai yi nasa a can. Ɗazu ya kira yana tambaya ko an samu mai tafiya in aika masa da yaji da garin koko.