Makiyayi a Zauren Majalisa: Me Ya Hana Namu?

A shekarar 1955 wani makiyayin tumaki da shanu mai suna Malcolm Fraser ya lashe kujerar mazaɓar Wannon a majalisar tarayyar Ostiraliya, yana da shekara 25 a duniya, bayan ya sha kaye da ƙuri'u kaɗan a zaɓen 1954. Daga gonar gidansu ta Nareen a jihar Victoria ya fito, ya yi ta hawa har ya zama firaminista daga 1975 zuwa 1983. Mu nan mun fi saninsa da aikin da suka yi tare da Janar Obasanjo, lokacin da ƙungiyar Commonwealth ta ɗora musu jagorancin tawagar da ta je Afirka ta Kudu a 1986, har suka gana da Nelson Mandela a gidan yari.

Tarihinsa ya ja hankalina ne saboda hanyar da ya bi a rufe take ga makiyayinmu. Fraser ɗan masu hali ne, ya yi karatu a Oxford, kuma filin da dabbobinsa ke kiwo mallakar gidansu ne mai takarda da shinge. Mai fili yana da mazauni, mai mazauni yana da rumfar zaɓe da maƙwabta da za su tsaya masa. Duk wanda ya shiga kasuwar Mai'adua ranar cinta, ya ga yadda dillalai ke tafa hannu a kan bijimi ɗaya da kuɗin da zai gina ɗaki, ana loda tirela bayan tirela zuwa kudu, ya san dukiyar kiwo ba ƙarama ba ce. Amma mutumin da ya raini bijimin nan tun yana maraƙi, ranar da ake rajistar masu zaɓe wataƙila yana can mashekari, nesa da gundumar da aka haife shi.

Za a ce ai muna da manya masu shanu, kuma gaskiya ne. Shugaba Buhari da kansa ya bayyana shanu 270 cikin kadarorinsa a 2015. To, sai dai mallakar garke daban, bin sa a daji da sanda da gora daban. Wanda ya wayi gari ya tarar an nome burtalin da kakansa ya bi, ko mashaya ta ƙafe tun kafin bazara ta yi nisa, shi ya san inda doka take yi masa ciwo.

Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965, da hukumar ilimin makiyaya ta 1989, da dokar hana kiwon sake ta Binuwai ta 2017, har da ma'aikatar bunƙasa kiwo da aka kafa a 2024, duk a kansa aka yi su, amma da wuya a ce da bakinsa aka tsara su. A ganina gyaran daga ƙasa zai fara: gwamnatin Katsina ta shata abin da ya rage na dajin Ruma da Kukar Jangarai da burtalai, ta ba rugage takardar zama, hukumar zaɓe ta kai musu rajista, jam'iyyu kuma su daina tuna Arɗo sai lokacin kamfe. Ɗan ruga da ya yi karatu ya fara da kansila, manoma maƙwabtansa su auna shi a can kafin a yi maganar Abuja.