Wai an cire ido an wanke an mayar, sai ka ce ƙwan fitila

Mutumin nan na bidiyon jiya da kuke ta tura wa juna, wanda ya zauna cikin mota ya gyara murya yana rantsuwa wai a gabansa likita ya zaro idon babansa ya ɗora a faranti ya wanke tas ya mayar, don Allah duk wanda ya san shi ya gaya masa ya ji tsoron Allah. Ƙarya yake shararawa. Ku kuma da kuka tura, har da masu digiri bibbiyu da suka rubuta "ikon Allah, ilimi kogi ne" a ƙasa, kowa ya zo ya ɗauki kasonsa.

Wata huɗu muna lallashin goggona ta yarda a yi mata aikin yanar ido. Na dama ya rufe ruf, na hagun ma hazo-hazo take gani da shi, ta kai in na shiga ɗakinta sai na yi magana take gane ni ne. Da ƙyar da jiɓin goshi ta amince, har an sa rana. Jiya da daddare wani jikanta sarkin wayo ya kunna mata bidiyon nan. Yau da safe na je gaishe ta, ko gama amsa gaisuwar ba ta yi ba ta ce "ɗan nan, ni fa ba za a ƙwaƙule min ido a ɗora a faranti ba, in suka mayar min da shi a karkace fa? ku bar ni da abina." Wallahi rasa abin cewa na yi. Aikin wata huɗu, bidiyon minti biyu ya rushe shi.

To ku saurara. Ido ba ya fita ya koma. Ba a taɓa cire wa wani ido an wanke an mayar ya ci gaba da gani ba, ko a ina ne, ko wane likita ne.

Ƙwayar idon babban mutum kusan milimita 24 ce daga gaba zuwa baya, nauyinta bai wuce giram 7 da ɗoriya ba, kuma ɗan abin da kake gani a madubi somin taɓi ne, mafi yawanta na ciki, a zaune cikin kwarmin da ƙasusuwa bakwai suka haɗu suka gina, ga kitse ya yi mata matashi ta baya. Tsokoki shida ne suka kama ta. Huɗu miƙaƙƙu, sama da ƙasa da gefe da gefe, biyu kuma a karkace, ɗaya daga cikin na karkacen ma sai da ta ratsa ta wani ɗan zoben guringuntsi a lungun sama wajen hanci sannan ta juyo ta kama idon. Ta gaba kuma akwai wani tantani da ya taso daga cikin fatar ido ya naɗo ya lulluɓe farin idon, shi ya sa ko gashin ido in ya faɗa maka ba ya iya zagayawa bayan idon, hanya a toshe take. Duk waɗannan likitan naku ya kwance ya mayar kafin a ce kwabo? Sannu da aiki.

Duk wannan ma wasa ne a kan jijiyar gani. Ita ce ta fito daga bayan ƙwayar ta shige ƙoƙon kai, a cikinta akwai zaruruwa sama da miliyan 1, kowanne da inda ya taso da inda zai je. Jijiyar nan reshen ƙwaƙwalwa ce, irin su ɗaya da lakar gadon baya, in ta tsinke ba ta sake haɗewa. Ɗan sakin da ke jikinta milimita kaɗan ne, iya wanda zai bar ido ya juya hagu da dama, ba igiyar caja ba ce da za ka ja ta har kan tebur. Ta tsakiyarta kuma hanyar jinin da ke ciyar da retina ta bi, wato shimfiɗar nan ta can bayan ido da ke karɓar haske, wadda in jini ya yanke mata kafin awa biyu ta fara mutuwa. Ka cire ido ka yanke wannan, shi ke nan an gama, ko da zinare ka wanke shi.

Kuna son ku san inda duniya ta kai a maganar nan? A watan Mayun 2023 likitocin asibitin NYU Langone a birnin New York suka yi dashen cikakken ido na farko a tarihi, ga wani ma'aikacin layin lantarki da wuta ta ci wa rabin fuska. Mutum sama da 140 suka taru a kan aikin, awa 21 ana yi. Idon ya rayu, jini na zagayawa a ciki, duniya ta yi ta tafi. Amma bai gani da shi. Jijiyar ce dai ta ƙi. Mutum 140 da awa 21 a Amurka sun kasa, amma likitan baban mai bidiyo ya yi a faranti. Haba jama'a.

Aikin yanar ido kuwa ga yadda yake, don wanda zai je ya yi wa tsohuwarsa bayani. In ka shiga ido ta gaba, abu na farko shi ne gilashin nan mai sheƙi da ya rufe baƙin ido, likitoci na ce masa koniya, kaurinsa a tsakiya kusan rabin milimita, ba jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa shi ya sa yake garau, kuma shi ke yin kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske. Bayansa ɗan ruwa, sai zoben nan mai launi da ke tsukewa in haske ya yi yawa, ɗigon baƙin da ke tsakiyarsa rami ne kawai. Bayan ramin ne madubin ido yake, ɗan abu faɗinsa kusan milimita 9 zuwa 10, cikin 'yar jaka siririya da wasu zaruruwa suka rataye. Wannan madubin ne in shekaru suka ja yake dusashewa ya yi fari ko ruwan ƙasa, shi ne yanar. Ba wata dauɗa ba ce da ta kwanta a kan ido da za a ce a wanke. Sai a kashe zafin wurin, a sa ɗan ƙarfe ya riƙe fatar ido kar ta ƙifta, a tsaga milimita 2 zuwa 3 a gefen koniya in da na'urar da ke farfasa madubin ta zuƙe za a yi, ko a ɗan faɗaɗa in da hannu za a fitar da shi, a bar jakar a inda take a zura madubin roba a ciki. Galibi ba ya kai rabin awa kuma mara lafiya idonsa biyu, yana jin hirar ma'aikata. Ƙwayar idon tana nan a kwarminta daga farko har ƙarshe ko motsa ta daga wurin ba a yi.

Madubin roban nan ma ba sabon abu ba ne da za a ce gwaji ake da mutane. Wani likitan ido, Harold Ridley, ya fara sa shi a Landan a 1949, bayan ya lura cewa matuƙan jiragen yaƙin da ɓarɓashin robar murfin jirgi ya shige musu ido, idon bai ƙi robar ba, tana zaune lafiya lau.

Na san masu "amma" suna hanya. Amma ai ana cire ido. E ana cirewa, in ciwon daji ya kama shi ko ya fashe ba gyara, kuma ba a mayarwa, na roba ake sawa don kyan fuska, bai ganin komai. Amma ai ana dashen ido. Koniya ake dasawa, wancan gilashin na gaba kaɗai, ga masu hakiya da makamantansu, tun 1905 wani likitan ido, Eduard Zirm, ya yi nasarar hakan. Amma ni na taɓa ganin wanda idonsa ya ɓullo waje. Ya ɓullo gaban fatar ido, yana nan ɗaure da tsokokinsa da jijiyarsa, kuma da gudu ake kai shi asibiti. Amma kai likita ne? A'a. Shi mai bidiyon fa?

Tsakani da Allah abin ba na dariya ba ne. Yanar ido ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya, kuma makanta ce da ake warkewa. Tsoho ya riga ya tsorata da wuƙa kusa da idonsa, ba laifinsa ba ne, ni ma da ƙuruciyata in ɗan ƙura ya shiga min ido sai na ji kamar duniya ta tashi. Ka zo ka ƙara masa da faranti don kawai a kalli bidiyonka. Goggo tana son ta ga fuskar jaririyar da aka haifa mana wata biyu da suka wuce, kullum sai dai ta shafa kanta da hannu ta tambaya wa ta ɗebo. Anjima zan koma da takarda da biro in zana mata babban ido, da baƙar tawada mai kauri yadda idonta na hagu zai iya kamawa, in sake farawa daga farko.

Af, tun da na ambaci jijiyar nan. Daidai inda ta fita daga bayan ido babu ƙwayoyin karɓar haske ko ɗaya, wato kowannenmu yana yawo da ɗan gurbin makanta a kowane ido bai sani ba, ƙwaƙwalwa ce ke cike wurin. Wani Bafaranshe Edme Mariotte ya gano shi tun wajajen 1660. Ka miƙa hannuwanka biyu gaba, manyan yatsu a tsaye a jere, ka rufe idon hagu, ka kafe na dama a kan yatsan hagu, sannan ka riƙa jan na daman zuwa dama a hankali ba tare da ka kalle shi ba. Kafin ka kai taƙi ɗaya kan yatsan zai ɓace ɓat, ka ƙara ja ya dawo. Ɗazu ina gwadawa a falo matata ta shigo ta tsaya tana kallona, ta ce lafiya dai ko.