Hannu muna da shi a Kaduna, roba ce muka raina

Bara na sayi wata tsohuwar Mazda MX-5 a nan Leeds, irin ƙaramar motar nan mai kujera biyu wadda rufinta na yadi ne, ana naɗe shi baya idan gari ya yi kyau. Tun 1989 ake ƙera ta, kuma mutanen Ingila suna ji da ita, don rana a wurinsu abin marmari ce. Da ruwan Oktoba ya kankama, ina cikin tuƙi sai na ji ɗigo a gwiwata ta dama, daga daidai kusurwar da rufin ya haɗu da gilashin gaba. Da na duba a tsanake sai na tarar matsala uku ce: ɗinki ya warware kusa da tagar baya kamar taƙi guda, robar da gilashin ƙofa ke shiga cikinta ta bushe ta lotse, sannan ruwa ya kwanta a bayan kujera.

Na kai ta wani gareji. Saurayin da ya duba ya ce su ba sa ɗinki, sai dai a cire rufin gaba ɗaya a sa sabo. Kuɗin da ya faɗa ya tasam ma rabin abin da na sayi motar. Ba cuta ta ya yi niyya ba. A ƙasar nan awa ake lissafawa, kuma ladan awa guda na makanike ya fi ƙarfin a zauna ana bin ɗinki da allura. Amma raina ya sosu, domin na san inda za a gama wannan aiki kafin la'asar, a kuma yi shi da kyau.

Ina yaro kawuna yana da Fijo 504 a-kori-kura mai rumfar tamfol. Duk gabanin damina sai ya ɗauke ni mu tafi wajen wani dattijo mai kushin a Tudun Wada, ba nisa da tsohuwar Panteka, kasuwar maƙera da masu sana'ar hannu ta Kaduna. Har yau ina ganin hannun mutumin nan. Da taƙi yake awo, ya ja layi da alli, ya yanka, ya hau keke. Idan zai haɗa ƙyalle biyu, sai ya sa na sama ya hau kan na ƙasa, yadda ruwa zai gangare ta kan ɗinkin ba tare da ya sami ƙofa ba. Wata rana kawu ya matsa a ɗaura masa rumfar da sassafe, zai wuce Zariya. Dattijon ya ce: "Alhaji, ka yi haƙuri rana ta ɗaga. Tamfol da sanyi ba ya miƙewa, in na ja shi yanzu zai yage a bakin ƙarfe." Ya juyo gare ni ya ce: "Yaro, shimfiɗa shi a can ya sha rana."

Bayan shekara kusan talatin, wannan magana ita ce na tarar a takardar masu sayar da rufin mota a nan: kada a ɗaura shi cikin sanyi, a bar shi ya ɗumama tukuna, in an ɗaura a bar shi a rufe na wasu kwanaki ya saba da ƙarfensa. Dattijon bai karanta wannan a ko'ina ba. Shi ya sa duk mai cewa masu sana'armu ba su iya ba, ba na sauraronsa. A je a kalli masu ɗinka rumfar Keke Napep da labulen gefenta, a ga yadda suke fitar da tagar leda su sa zif. Aikin rufin MX-5 samfurin farko ke nan ba ƙari, don ita ma tagar bayanta ta leda ce mai zif.

To na ɗinke nawa da kaina, da zare mai jure rana, na bi bakin ɗinkin da maganin hana yoyo. Wannan bai ba ni wuya ba. Inda na koyi abin da ban taɓa ji a gida ba shi ne wajen roba, kuma a nan ne nake ganin mun yi sake.

Robar ƙofa da ta gilashi, yawancinta daga wani nau'i ake yin ta da ake kira EPDM. Tana jure rana da ruwa da iska shekara da shekaru, amma ba ta shiri da duk abin da ya fito daga man fetur. Baƙin mai, giris, kananzir, man shafawa irin Vaseline, duk suna sa ta kumbura ta yi laushi, daga baya ta mutu. Man silikon ake shafa mata, shi ma kaɗan. Sannan a motata robar ba manna ta aka yi ba, a cikin wani siririn ƙarfe take zaune, ƙarfen kuma 'yan sukurori ne suka riƙe shi, ana sassauta su a matsar da shi ciki ko waje har gilashi ya zauna daram. Yadda ake gwadawa abin sha'awa ne: ka sa farar takarda tsakanin gilashi da roba, ka rufe ƙofa, ka ja. Inda ta cije, lafiya. Inda ta zare salin-alin, nan ruwa ke bi. Na yini ina matsar da ƙarfen nan da abin da bai wuce kaurin farce ba. Ruwan bayan kujera kuwa, wasu ƙananan magudanai ne a gefe biyu ganye ya toshe. In aka bar su haka, ruwan cikin ƙarfen ƙasan ƙofa yake sauka, tsatsa ta ci motar daga ciki.

A watan Agusta na zo gida. Ƙanena ya ɗauko ni daga tashar jirgin ƙasa ta Rigasa a Fijo 406 ɗinsa, an yi mata sabon fenti tana ta ƙyalli. Ina shiga warin danshi ya buge ni. Na taɓa kafet, jagab. Da muka isa Barnawa na buɗe ƙofa na duba. Lokacin fenti an fizge robobin, 'yan maƙalan da ke riƙe su sun kakkarye, aka mayar da su da gam, inda ya ƙi zama aka cusa baƙin silikon irin na gini. Ƙanen nawa ya ce mini a wurin wanki kuma har baƙin mai yaro yake goga musu don su yi sheƙi.

Abin ya dame ni, domin garinmu ba ya yafe wa roba. Daga Mayu zuwa Oktoba ruwa ne, a Agusta kuwa kamar da bakin ƙwarya. Daga Nuwamba hunturu ya busar da komai, ƙurarsa ta bi ta kafar da ruwa ya bi. Maris da Afrilu rana ta gasa abin da ya saura. Motar da ke yoyo ba wari kaɗai take yi ba. Ƙasanta na ruɓewa, wayoyin da ke ƙarƙashin kafet na shan ruwa, sai ka ga mutum yana zarya wajen rewaya wata da watanni, alhali ciwon a bakin ƙofa yake.

Ba masu gyara kaɗai nake ɗora wa laifi ba. Mu masu mota mun fi su. Mutum zai biya kuɗin fenti ba gardama saboda ido na gani, amma a ce ya sayi maƙalan roba sai ya ce a lallaɓa. Ga gaggawa: "Oga, yau nake son motata." Gam ɗin kushin kuwa sai an shafa wa ɓangare biyu, an jira ya sha iska har ya daina bin yatsa, kafin a haɗa. Wanda aka tsaya a kansa ana duba agogo ba zai jira ba.

Na san za a ce kaya sun yi tsada, na asali ba ya samuwa, 'yar Beljiyam ɗin ma ta tsufa tun kafin ta hau jirgi. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma wanke roba da ruwa da sabulu ba ya cin ko sisi. Cire ta a hankali a tara maƙalan a gwangwani ba ya cin ko sisi. In babu man silikon, gilisarin ɗin da ake saye a kemis don kaushin hunturu yana yi, a shafa kaɗan a goge. Kuma Kaduna ce fa, garin da aka fara haɗa Fijo a Kakuri tun 1975, garin da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ke maƙwabtaka da Panteka. Masu ilimin kayan da masu hannun suna iya jin kiran sallah ɗaya. Abin da ya rage su zauna tare, ko sau ɗaya a wata, a gaya wa yaran da ke koyon sana'a abin da roba ke so da abin da ke kashe ta.

Kafin in koma, mun mayar da 406 ɗin wajen wani mai kushin a Kakuri. Na ce: "Maigida, don Allah a ba ni aron yaronka na awa biyu." Muka cire robar ƙofar direba, muka kankare gam ɗin, muka wanke, muka sa sababbin maƙalai. Na yago takarda daga littafin lissafin shagon na nuna masa gwajin. Ya ja ta cije, ya matsa ƙasa ya ja ta zare, ya ɗago ya kalle ni. Bai ce komai ba, sai ya ɗauki takardar ya zagaya ƙofar baya, maigidansa ya tashi daga kan keke ya bi shi.