Rigasa a allon ajinmu na Ohayo

Makon jiya malamarmu ta haska mana hoton gidan nan na Rigasa a Kaduna, wanda 'yan sanda suka fasa a watan Satumban 2019 suka fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa. Darasin ranar kan horo ne, ana so a nuna mana duka ba ya gyara hali. Wata ta dafe ƙirji, wani ya girgiza kai. Ni kuwa kunya da haushi suka tokare mini wuya.

Kwalejin tamu a jihar Ohayo ta Amurka take, ta shekara biyu ce, irin wadda talaka ke iya shiga. Da dare muke aji, bayan kowa ya tashi aiki. Kusa da ni wata dattijuwa ce mai tuƙa motar 'yan makaranta, a baya tsohon soja da kofin gahawa na takarda, takalman kowa duk farin gishirin da ake zubawa a titi saboda ƙanƙara. Ilimin halayyar ɗan Adam muke karantawa, na su Skinner, masanin nan Ba'amurke mai koyar da gyara hali ta hanyar ba da lada, don mu yi aiki da yara masu galahanga da masu fama da shaye-shaye. Ana ba ka takarda mai gida uku: me ya faru kafin yaro ya yi birgima, me ya yi, me ya samu bayan nan. A cibiyar da nake koyon aiki kowane yaro na da allonsa. Ya zauna lafiya, a manna masa tauraro. Taurari biyar, ya samu minti goma na wasa da waya.

Gaskiya abin yana aiki. Na ga yaron da ke cizon hannunsa har jini ya koma miƙa katin hoto idan yana son ruwa. Gidan mari kuma babu mai hankalin da zai kare shi.

Amma me ya sa sai an je Kaduna neman misali? Kotun ƙolin Amurka ce a 1977 ta ce dukan ɗalibi a makarantar gwamnati bai saɓa wa tsarin mulki ba, kuma har gobe akwai jihohin da ake yi. A jihar Masacusat akwai cibiyar da ta shekara da shekaru tana jona wa masu lalura lantarki da sunan gyaran hali. Wannan bai hau allo ba.

Sannan wa ke manna taurarin? Baƙo ne da ake biya da awa, an ba shi horon awa 40, kafin yaro ya saba da fuskarsa ya samu aikin da ya fi tsoka ya tafi. A gida yaro irin wannan yana da gwaggo, yana da kaka mai sanin kukan yunwa da na rigima ba tare da takarda ba, kuma ba ta ajiye aiki.

Tsofaffin Amurkawa ma haka. Mun ziyarci gidan kula da su, ko'ina tsaf, ga magani a kan lokaci, ga talabijin, amma ɗan da ka haifa sai ya sa hannu a rajista kafin ya shigo gaishe ka. Takardar shaidar karatun zan karɓa in sha Allah, aikin ma zan yi, halal ne. Sai dai na riga na gaya wa yarana, ranar da ƙafa ta ƙi, su saya mini tikiti su mayar da ni Funtuwa.