Talaka a ina zai motsa jiki?

Wallahi na gaji da jin "ku riƙa motsa jiki"! Likita ya auna hawan jinina ya ce in riƙa tattaki kullum da safe, to a ina? Filin da muka taso muna buga ƙwallo an yanka shi fuloti-fuloti, yau duk shaguna ne. Lungunmu kwata ta cinye rabi, 'yan acaɓa sun cinye sauran, ka fito sassarfa ka koma gida da ƙura har cikin haƙora. Na leƙa wani gidan motsa jiki can wajen GRA, kuɗin wata ɗaya ya isa cefanen gidana na mako biyu, ban da takalmi da kuɗin Keke Napep daga Ƙofar Marusa! Masu hali na zagaye a kan kwalta ƙarƙashin inuwar bedi, wasu na kan dawaki a filin Folo, yaranmu kuwa na buga ƙwallon tsumma tsakanin bola da taransifoma. Maiɗakina fa? Sau ɗaya ta fita tattaki, kafin ta dawo mutum uku sun tare ni, wai Malam lafiya, ko yaji ta yi?