Wa ke tambayar ɗan sanda yadda ya kwana?

Jama'a, na san da an ambaci ɗan sanda abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne shingen hanya da "Oga, a sa mana albarka". Ban zo wanke kowa ba, ni ma an taɓa tsare ni a rana ba gaira ba dalili. Amma yau a kan yayana zan yi magana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya kuma haura shekara 20 yana sa kaki.

Yana Kano ranar Juma'a, 20 ga Janairun 2012, lokacin da bama-bamai suka tashi a Bompai da sauran ofisoshin 'yan sanda, mutum sama da 180 suka rasu. Yana cikin waɗanda suka kwashi gawa a daren, ciki har da ta abokinsa da suka yi horo tare a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna. Washegari da asuba ya koma duti. Mu kuma a gida muka ce, "Kai, Yaya akwai taurin zuciya." Yabo muka ɗauka muna yi masa.

Abin da ya karya shi ya zo ne bayan shekaru, kuma ba bam ba ne. Wata yarinya ce 'yar shekara shida ta ɓata a hanyar Islamiyya, aka ba shi binciken. Kwana tara yana yawo da hotonta a aljihu. Uban yarinyar kullum yana zaune a benci gaban kanta, in ya hango shi sai ya miƙe ya ce, "Yallaɓai, da labari?" Ranar da aka tsinci gawarta a wani kango, takalmin da ke ƙafarta irin wanda ya saya wa 'yarsa ne da ƙaramar sallah, kala ɗaya, lamba ɗaya. Daga ranar fayil ya daina zama fayil a wurinsa.

Matarsa ce ta fara gani. Ya daina barci, cikin dare sai ya tashi ya haska fuskar 'yarsa da tocila ya ga ko tana numfashi. Ya hana yaran zuwa Islamiyya har wata biyu. Mutumin da bai taɓa ɗaga murya a gida ba, ya koma ko cokali ya faɗi sai ya yi tsawa. Daga baya ya faɗa mini da bakinsa cewa ranar da aka kawo wanda ake zargi, sai da ya miƙa bindigarsa ga wani kofur ya fita waje, don ya ji hannunsa na rawa, ya kuma san abin da zuciyarsa ke raya masa. Har yau in na tuna wannan sai tsigar jikina ta tashi. Da bai miƙa ba fa?

Ra'ayina shi ne, duk jami'in da bincike ya taɓa masa rai haka, a cire hannunsa daga binciken nan take, a ba wani, shi kuma a ba shi hutu da wanda zai saurare shi, ba tare da an ɗauke shi rago ba. Likita ma ba ya so ya yi wa ɗansa tiyata. To ta yaya za a bar mutum da bindiga mai harsashi 30 ya ci gaba da yi wa wanda yake gani a matsayin makashin 'yarsa tambayoyi? Wannan kariya ce ga jami'in, ga iyalinsa, har ma ga wanda ake zargi, wanda kotu ba ta riga ta yanke masa hukunci ba. Wani lokacin marin da direba ke sha a shinge, asalinsa wata gawa ce da aka gani jiya ba a yi maganarta da kowa ba. Ban ce uzuri ba ne. Wanda ya ci zali a hukunta shi. Amma in ana so marin ya ragu sai an bi shi zuwa tushe.

A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Asibitoci kuma muna da su, na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Dawanau a Kano, na Maiduguri. Sai dai a wurinmu da an ce wane ya je Dawanau, an gama da shi, an ce ya haukace. Ɗan sanda kuwa tsoronsa biyu ne, bakin unguwa da bakin bariki, don yana ganin da an ji za a karɓe bindiga, ƙarin girma kuma sai dai ya ji a salansa.

Mu ma 'yan gida da laifinmu. "Namiji ba ya kuka", "Ka yi haƙuri, aikin da ka zaɓa ke nan". Ni kaina na faɗa masa haka, kuma ina nadama. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Wane ne mu da za mu hana wani?

Abin da ya ceci Yaya, bayan ikon Allah, wani tsohon sufeto ne mai ritaya a unguwarsu. Bayan isha'i yakan zo ya ce, "Taso, ɗana, mu je mu sha shayi." Ba ya yi masa wa'azi, sai dai ya ba shi labarin gawar da shi ma ya kasa mantawa, ya yi shiru ya bar shi ya faɗi tasa. Shi ne ya raka shi wurin likita, ya zauna a waje har ya fito. An yi wata shida kafin barcinsa ya dawo daidai.

Yanzu 'yar tasa tana sakandare. Har yau in yana gida, shi yake raka ƙannenta Islamiyya da ƙafa, ya tsaya a bakin ƙofa sai ya ga sun shiga aji.